Kafin ka zuba murjani a gilashi, fara gina masa mafaka

Tankunan kifin teku sun fara shiga wuraren da ba a saba ganinsu ba: zauren karɓar baƙi na otal-otal a Abuja, ofisoshin manyan 'yan kasuwa a Legas, har da falon wasu gidaje a Kano da Kaduna. Gilashi mai kauri, fitila shuɗiya, kifi ja da rawaya suna kewaya duwatsu, murjani yana rausaya. Kowa ya shigo sai ya ja birki ya kalla. Ni sana'ata haɗa irin waɗannan tankuna ce da kula da su, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda nake ganin da yawansu suna lalacewa tun kafin su zagayo shekara. Gansakuka ta rufe duwatsu, murjani ya yi fari ya mutu, mai tanki ya sake tura kuɗi a kawo sabo, shi ma ya bi na farko.

Ra'ayina a kan wannan ɗaya ne. Duk wanda zai ajiye murjani a ƙasar nan, kuɗinsa na farko da tunaninsa na farko su tafi ga ƙaramin tankin da ke ɓoye a cikin kabad, ƙarƙashin babban. Masu harkar suna kiransa rifujiyam, mu kuma a wurin aiki mafaka muke ce masa. Ɗaki ne na ruwa da ke haɗe da babban tanki ta bututu. Ruwansu ɗaya, amma kifi ba ya shiga cikinsa. A ciki ake noman ciyawar teku, a ciki kuma ƙananan ƙwarin ruwa suke hayayyafa ba tare da an cinye su ba.

Sau da yawa idan na kawo zancen, amsar da nake samu ita ce: “Malam, wannan akwatin na ƙasa wa zai gan shi?” Sai in ce, ranka ya daɗe, babu mai ganinsa, amma abin da baƙinka za su gani a sama a nan ake yanke masa hukunci.

Murjani dabba ce. Mutane da yawa suna ɗaukarsa dutse ko tsiro, saboda mu a nan a wuyan mata muka san shi. Ƙananan halittu ne masu baki da hannuwa, suna gina wa kansu ƙashi na alli, kuma a cikin namansu akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ke sarrafa haske su ba su abinci. Ruwan da suka saba da shi mai tsabta ne ƙwarai, ba taki a ciki sai ɗan kaɗan. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gaɓar tekunmu ba ta da tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya, domin Kwara da sauran koguna suna zubo laka da ruwan daɗi ba dare ba rana. Hausawan Port Sudan su ne ke maƙwabtaka da na gaske: Sanganeb yana kusa da su, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016.

To yanzu ka ɗauko wannan halitta ka sa ta a lita 400 na ruwa tare da kifi goma masu ci da kashi. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Bakteriyar da ke jikin duwatsu tana mayar da ita nitirayit, sannan nitiret. A nan aikin yake tsayawa a yawancin tankuna. Nitiret yana taruwa, fosfet ɗin da ke cikin abinci shi ma yana taruwa. Waɗannan biyun taki ne, kuma duk inda taki da haske suka haɗu sai wani abu ya tsiro. Idan ba ka zaɓi abin da zai tsiro ba, gansakuka za ta zaɓi kanta, a kan duwatsun da ka saya da tsada. Fosfet mai yawa kuma yana dagula wa murjani ginin ƙashinsa.

Mai kiwon tarwada ya san wannan matsala, kuma maganinsa mai sauƙi ne: ya buɗe bututu ya zubar, ya kunna burtsatse ya cika. Mai tankin teku ba shi da wannan gata. Kowace lita sai an tace ta da injin tace ruwa na musamman, sannan a narka mata kusan giram 35 na gishirin teku da ake haɗawa a masana'anta, wanda ba gishirin miya ba ne, kuma da dala ake shigo da shi. Canza kashi goma cikin ɗari na lita 400 yana cin kusan kilo ɗaya da rabi na gishiri. Ba na cewa a daina canza ruwa, domin akwai ma'adinan da ta nan kawai suke komawa. Amma wanda ya dogara da canjin ruwa kaɗai don rage taki, aljihunsa zai gaji kafin tankin ya gyaru.

Sauran hanyoyin duk na kwalba ne da gwangwani: garin tsotse fosfet, ruwan ciyar da bakteriya, ƙwayoyin roba da ake zubawa a inji. Suna aiki, ban musa ba. Sai dai kowanne ƙarewa yake, kowanne daga waje yake zuwa, kuma ranar da kayan suka maƙale a tashar jirgin ruwa, tankinka ba ya jira. Mafaka ita ce ɓangare guda na wannan harka da za a iya yi a gida. Mai yankan gilashi na kasuwa zai yanka maka, bututun roba yana kowane shagon kayan famfo, fitila ba ta da tsada. Ciyawar kuwa sau ɗaya ake nemanta, daga nan ita ce za ta riƙa yi maka yawa. Tana shan nitiret da fosfet ta gina jikinta da su, kai kuma ka ɗebo ta da hannu ka fitar. Takin ya bar ruwan ke nan, a zahiri, a cikin bokiti.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Tun farkon shekarun 1960 wani mutum a Jakarta, Lee Chin Eng, yake riƙe murjani da rai da duwatsun teku da iska kawai, a lokacin da Turawa ke ta fama da injuna. Daga baya Walter Adey na cibiyar Smithsonian da ke Washington ya buɗe babban tankin murjani ga jama'a a 1980, yana tsabtace ruwansa da gansakukar da yake nomawa da gangan a kan faranti a wani wuri daban. Littafin da ya rubuta da Karen Loveland, Dynamic Aquaria, na 1991, ya yaɗa tunanin ware wa ƙananan halittu ɗakin da masu cinsu ba sa kaiwa. Teku ma haka take aiki: a kusa da tsaunukan murjani akwai dazukan bakin ruwa da filayen ciyawa, inda laka ke kwantawa, 'ya'yan kifi kuma ke girma.

Yadda za a zana mafakar kuwa, a nan ake samun tangarɗa.

Girma shi ne farko. Abin da masu harkar suka saba faɗa shi ne kada ta gaza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na babban tanki, kuma ni na fi karkata ga na sama. Ga lita 400, a nemi 60 zuwa 80. Akwai ƙananan da ake ratayewa a bayan gilashi masu ɗaukar lita biyar ko goma. Waɗannan za su iya ba ka ƙwari, amma batun rage taki, ba su da abin faɗa. Don haka tun wajen kafinta ake fara mafaka. A yi kabad mai tsawo, mai faɗin ƙofa, wanda mutum zai iya zura hannu da kai a ciki. Na ga kabad masu kyan gaske waɗanda ba a iya ciro komai daga cikinsu sai an kwance famfo, kuma abin da ke da wahalar kaiwa ba a kula da shi.

Tankin ƙasan ana raba shi da allunan gilashi. Tsarin da aka fi yi shi ne a jere: ruwa ya sauko daga sama ya faɗa ɗakin farko inda injin tsame kumfa, mai fitar da datti daga ruwa, yake, ya tsallaka zuwa ɗakin ciyawa, ya bi ta alluna uku da ke kama kumfar iska, sannan ya isa ɗakin famfon da ke mayar da shi sama. Ni na fi son a sa ɗakin famfo a tsakiya, injin kumfa a gefe ɗaya, ciyawa a ɗaya gefen, a raba bututun da ke saukowa gida biyu, a sa wa reshen ciyawa makunni. Da haka kai ne ke iko da yawan ruwan da ke ratsa ciyawar. Kuma ƙwarin da suka fito daga mafaka suna wucewa kai tsaye zuwa famfo su hau sama, ba sa bi ta injin da zai tsame su. Allon da ke gefen ciyawa a yi shi baƙi ko a lulluɓe shi, don kada haske ya tsallaka ya haifar da gansakuka a cikin injuna.

Abubuwa biyu a nan suna kashe tanki a ɓoye. Silikon ɗin da ake sayarwa don banɗaki da kicin galibi yana da maganin hana fumfuna a ciki, kuma guba ne ga halittun ruwa. A nemi tsantsa. Sannan kada tagulla ko wani ƙarfe mai tagulla ya taɓa ruwan, ko makunni ne ko mahaɗin bututu. Mai aikin famfo zai kawo na tagulla da kyakkyawar niyya, domin a wurinsa shi ne mai ƙarko, amma ɗan abin da zai narke ya isa ya kashe murjani da jatanlande da dodon koɗi.

Ciyawar da nake sakawa ita ce Chaetomorpha, wadda muke kira keto. Idan ka ɗago ta, kamar soson wanke tukunya take, kore, zare mai tauri a cukurkuɗe, ba saiwa, ba ta manne wa komai. Ka girgiza ta a cikin farin bokiti, ka tsaya ka duba da kyau: ɗigo-ɗigo farare suna tsalle a jikin robar, wasu masu lanƙwasasshen baya suna gudu a gefe ɗaya suna neman maɓuya, wani lokaci da 'yar tauraruwar teku mai siraran ƙafafu da ba ta kai farce ba. Duk lokacin da na ga haka nakan san tankin yana lafiya tun kafin in ɗauko kayan gwaji. Keto tana son ruwa ya ratsa ta, har ya riƙa juya ƙullin a hankali idan da hali, don kowane gefe ya sami haske, datti kuma kada ya kwanta a tsakiya. Idan ta cika ɗakin, a ɗebe kashi ɗaya cikin uku ko rabi. Wanda ya bar ta ta cunkushe, ta ƙasa za ta ruɓe ta mayar da duk takin da ta sha. Idan kuma ta fara yin fari-fari tana tsinkewa alhali akwai taki a ruwa, yawanci sinadarin ƙarfe ne ya ƙare mata.

Akwai wata ciyawar da ta fi ta kyau da saurin girma, Caulerpa, mai ganye kamar gashin tsuntsu ko 'ya'yan inabi. Ba na sa wa kowa ita. Takan wayi gari ta yi fari ta zubar da duk abin da ke cikinta a ruwa, tanki ya yi hazo, iska ta ragu. Kuma tarihinta ya isa gargaɗi. A 1984 aka ga wani ɗan fili na nau'inta mai suna taxifolia a ƙarƙashin ginin gidan adana halittun teku na Monako, irin wanda aka saba renonsa a tankuna. Ba a tumɓuke shi da wuri ba. Ya bazu zuwa gaɓar Faransa, Italiya, Sifen, Kuroshiya da Tunisiya, yana danne ciyawar asali. A 2000 ya ɓulla a Kalifoniya, kusa da Carlsbad, inda sai da aka rufe shi da tamfol aka zuba kulorin, aka kashe miliyoyin daloli, kafin a ayyana kawar da shi a 2006. Ga mai tanki a Legas ko Fatakwal, inda kwalbati ke ƙarewa a ruwan gishiri, wannan magana ce ta kai tsaye. Duk ciyawar da ka ɗebe, ko wace iri ce, ka shanya ta ta bushe ƙayau ko ka daskarar da ita, sannan ta tafi kwandon shara. Kada ta shiga magudanar ruwa.

Fitilar mafaka ba ta buƙatar zama mai tsada irin ta murjani. Farar fitila mai ƙarfi ko irin wadda ake noman kayan lambu da ita ta wadatar. Dabarar tana ga lokacin kunnawa: da dare, idan ta sama ta mutu. Da rana tsirran tanki suna shan iskar kabon, ma'aunin pH ya hau. Da dare kowa numfashi yake yi, kabon ya taru, ruwan ya ƙara tsami, ma'aunin ya sauko. Murjani ya fi jin daɗi tsakanin 8.1 da 8.3, ba ya son wannan hawa da sauka. Idan ciyawar ƙasa tana aiki yayin da na sama ke hutawa, sai tazarar ta ragu. Wannan ya fi muhimmanci a irin ɗakunanmu masu na'urar sanyi, taga a rufe, mutane cike, domin kabon ɗin da ke ɗakin yana shiga ruwan. Kunna fitilar da dare yana kuma rage zafi, abin da ba wasa ba ne a garin da watan Afrilu ke haura digiri 40, ga halittar da ke son 25 zuwa 26. Mafaka ba ta maye gurbin injin sanyaya ruwa. Wanda ba zai iya sayensa da riƙe masa wuta ba, ya haƙura da murjani, kifin ruwan daɗi ma yana da kyau.

A littattafan waje za ka ga ana ba da shawarar shimfiɗa yashi mai zurfin santimita 10 zuwa 15 a mafaka, don bakteriyar da ke rayuwa inda babu iska ta mayar da nitiret iskar da ke fita. Kimiyyar daidai ce. Amma waɗanda suka rubuta ba a ɗauke musu wuta sau uku a wuni. Idan ruwa ya tsaya a kan irin wannan yashi, ko wani ya tona shi, yana iya sakin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe kifi. A nan gida na fi son ƙasan mafaka ya zama gilashi zalla da za a iya zuƙe dattinsa, da ɗan tarin gutsattsarin dutse mai ramuka a lungu ɗaya don ƙwari su ɓuya.

Ɗauke wutar ita ce jarrabawar da kowane zane zai ci ko ya faɗi. Da famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu da wanda ke saman babban tanki zai gangaro ƙasa. Bututun da ke kai ruwa sama zai juya ya zama mai zuƙowa, kuma zai ci gaba har sai bakinsa ya sha iska. Idan tankin ƙasa cike yake fal, ruwan gishiri zai malale a kan tayil da wayoyin lantarki. Saboda haka a bar sarari a sama, a huda ɗan rami a bututun kusa da fuskar ruwa don ya shaƙi iska ya yanke zuƙar. Makunnin da ke hana ruwa komowa ba abin dogaro ba ne, ɗan dodon koɗi guda ko ɓawon gishiri ya isa ya hana shi rufewa. Kuma a sani cewa ciyawa a cikin duhu ita ma shan iskar oksijin take. Inbata ko sola ya fara ɗaukar famfon mayar da ruwa da mai kaɗa ruwa a sama, fitilu su biyo baya. Ɗakin famfo kuma a yi shi da faɗi, domin a nan kaɗai ƙafewar ruwa ke nunawa, kuma da hunturu iska tana shan ruwa da sauri. Abin da ya ƙafe da tataccen ruwan daɗi ake cike shi, gishirin bai je ko'ina ba.

Masu suka suna da hujjojinsu, kuma na san tankuna masu kyau da ba su da mafaka. Gaskiya ne ciyawa mai ƙarfi tana iya shanye taki har ya kai sifiri, murjani ya dusashe, wani irin yauƙi mai launin ƙasa ya mamaye yashi, wanda kawar da shi ya fi na gansakuka wuya. Maganin wannan yana hannu: a rage awoyin fitila, a rage ciyawar, a ƙara abinci. Ana son nitiret ya kasance kaɗan, ba babu ba. Gaskiya ne kuma injin tsame kumfa mai kyau yana yin aiki mai yawa shi kaɗai. Amma babu injin da ke haifar da abinci mai rai. Akwai wani ɗan kifi mai zanen shuɗi da lemo da ake kira mandarin, wanda kusan kowane sabon mai tanki ke nunawa da yatsa a hoto. Wuni yake yi yana tsince ƙananan ƙwari a jikin dutse, kuma da yawansu ba sa karɓar abincin gwangwani. A tankin da ba mafaka, cikin 'yan makonni ya cinye abin da ke akwai, cikinsa ya lotsa, ya mutu da yunwa a gaban mutanen da ke ɗaukarsa hoto. Wannan yana yi mini ciwo. Yawancin irinsa daga tekun Filifin da Indunusiya ake kamo su, su yi doguwar tafiya a leda. Murjani mai ƙashi kuwa yana cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikinsu, kuma a gidansa ma yana cikin wahala: babban tsaunin murjani na Ostireliya ya yi fari saboda ɗumamar ruwa a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Wanda ya ɗauko rai daga can ya tsare shi a falonsa, hakkinsa ya hau kansa.

Ga wanda ya riga ya yi niyya, tsarin aikin shi ne: a haɗa tankin ƙasa, a cika komai da ruwan famfo na gwaji, a kashe wuta da gangan a tsaya a ga inda ruwa ya tsaya, a ja layi da alƙalami a jikin gilashi, kada a taɓa cikawa ya wuce abin da layin ya yarda. Sannan a zubar, a zuba ruwan gishiri da duwatsu, a jira amoniya da nitirayit su sauka sifiri. Idan nitiret ya bayyana, a sa keto a kunna mata fitila. Kifi ya shiga ɗaya bayan ɗaya, murjani mai sauƙin riƙo ya biyo baya, wanda aka rena a tanki idan ana samu. Mandarin kuwa ya jira watanni shida aƙalla, sai ranar da ka haska tocila a mafaka da dare ka ga gilashin ya cika da ƙwari.